Kunne a ƙarƙashin ruwa: Yadda masuntan Tafkin Erie ke karanta na'urar gano kifi

A watan Afrilu, yammacin Tafkin Erie da ke kan iyakar Amurka da Kanada yakan cika da wani kifi da ake kira wolai. Lokacin ne yake taruwa a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa da cikin kogunan Maumee da Sandusky domin zuba ƙwai, har mutum yakan tsaya a ruwa iya cinya ya kama shi da fatsa. Amma da zarar Yuli ya kama, rana ta buɗe, sai manyan kifayen su yi ɓatan dabo. Mai jirgin da ya koma inda ya saba yana iya wuni yana jefa ƙugiya, ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kifin ya yi ƙaura ne zuwa gabas inda ruwa ya fi zurfi da sanyi, kuma a can ɗin ma akwai zurfin da ya fi son tsayawa.

To ta yaya masunci zai san wannan zurfi alhali idonsa ba ya ratsa ruwa? A yau galibin ƙananan jiragen da ke fita su a tafkin suna ɗauke da na'urar gano kifi, wata 'yar akwati mai allo kamar na babbar wayar hannu. Sai dai jirage biyu kan fita da na'ura iri ɗaya, wannan ya dawo da kifi, wancan ya dawo da ƙunar rana. Dalili kuwa shi ne na'urar ba ta ɗaukar hoton kifi. Amsa-kuwwa take saurare ta zana a allo, fassarar zanen kuma aikin mutum ne. Wanda ya riƙe darasin sauti da na zafi da ɗan lissafi, irin waɗanda kuke yi a aji, shi ne ke cin moriyarta.

Tafki mai ɗakuna uku

Erie ɗaya ne daga cikin Manyan Tafkuna biyar na Arewacin Amurka. Tsawonsa ya kai kilomita 388, kuma jihohin Michigan da Ohio da Pennsylvania da New York da lardin Ontario na Kanada ne suka kewaye shi. A cikin biyar ɗin shi ne mafi ƙarancin zurfi, don haka ya fi saurin ɗumama, ya kuma fi su yawan kifi.

Ƙasan tafkin ya kasu gida uku. Na yamma zurfinsa kusan mita 7 ne a matsakaici, na tsakiya kusan mita 18, na gabas kuma akwai inda ya kai mita 64. Bazarar can, wato daga Yuni zuwa Agusta, takan ɗumama ɓangaren yamma tun daga sama har ƙasa, domin iska na iya juya ruwan gaba ɗaya. Shi kuwa wolai ya fi son ruwan da ke kusa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Haka kuma a bayan idonsa akwai wani sashe mai maido da haske irin na kyanwa, wanda ke ba shi damar farauta da duhu-duhu, amma yake sa shi gudun rana mai ƙarfi. Waɗannan dalilai biyu, tare da bin ƙananan kifayen da yake ci, su ke kai manyan zuwa tsakiyar tafkin da gabashinsa.

Ruwa hawa-hawa

A ɓangaren tsakiya, bazara takan raba ruwa hawa uku kamar bene. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, shi ya sa yake zama a sama. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, saboda haka mai sanyi ke kwantawa a ƙasa. A tsakaninsu akwai wani siririn hawa inda zafi ke faɗuwa da sauri cikin 'yan mitoci kaɗan. Bari mu kira shi shamaki, domin aikin da yake yi ke nan: yana hana ruwan sama da na ƙasa cakuɗuwa.

Kuna iya gwada wannan a gida. Ku zuba ruwa mai sanyi sosai a kofin gilas zuwa rabi, sannan ku tsiyaya ruwan zoɓo mai ɗumi wanda ba a sa wa sukari ba, a hankali ta bayan cokali. Za ku ga jan ruwan ya tsaya a sama, an sami iyaka tsakanin su biyun.

Wannan shamaki ne ke yanke hukuncin inda kifi zai zauna, saboda iskar oksijin. Ruwan sama yana samun oksijin daga iska da tsirran ruwa, na ƙasa kuwa da abin da ya shigo da shi tun farkon bazara zai yi ta lallaɓawa. A Erie matsalar ta fi tsanani. Takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, musamman ta Kogin Maumee, yana ciyar da gansakuka ta yi yawa. Idan ta mutu sai ta nitse, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita su cinye oksijin ɗin ƙasa. Da yake hawan ƙasa a tsakiyar tafkin kaurinsa 'yan mitoci ne kawai, zuwa ƙarshen bazara oksijin yakan ragu ƙasa da miligiram 2 a lita ɗaya, matakin da yawancin kifi ba sa iya jurewa. Mutanen yankin suna kiran wurin matacciyar shiyya. Gansakukar ba kifi kaɗai take damu ba: a watan Agustan 2014 gubarta ta sa an hana mutanen birnin Toledo da kewayensa, sama da dubu 400, shan ruwan famfo na kusan kwana uku.

Ke nan a ƙarshen bazara kifi yana tsaka-mai-wuya. Sama akwai zafi da haske, ƙasa babu numfashi. Sai ya taru kusa da shamaki ko ɗan sama da shi. Masuncin da ya saki ƙugiyarsa har ƙasa, yana ganin zurfi shi ne kifi, a ruwan da babu kowa yake jira.

Yadda na'urar ke ji

Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi ya yi ihu ya san amsa-kuwwa. Jemage ma da ita yake gane hanya cikin dare. A bayan jirgi, a ƙarƙashin ruwa, ana ɗaura wani ɗan ƙunshi da bai wuce tafin hannu ba, wanda za mu kira kunnen na'ura. Shi ke harba gajeren sauti zuwa ƙasa sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma shi ke sauraren dawowarsa. Sautin yakan kasance mai kilohaz 200 ko 83 ko 50, alhali kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kilohaz 20, shi ya sa mutanen cikin jirgi ba sa jin komai.

A iska sauti na gudun kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, a ruwa kuwa kusan mita 1,500. Idan amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.02, sautin ya yi tafiyar mita 30. Amma zuwa da dawowa ne, don haka sai a raba biyu: zurfin mita 15 ne. Ɗaliban kimiyya za su gane wannan lissafi, domin irinsa kan fito a jarrabawar WAEC da NECO.

Dabarar ta fi shekara ɗari. Bayan nitsewar jirgin Titanic a 1912, masana suka duƙufa neman hanyar gano abin da ke ɓoye a ruwa. A 1914 Reginald Fessenden ya gano dutsen ƙanƙara daga nisan kusan kilomita 3 ta hanyar amsa-kuwwa, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Farko Paul Langevin na Faransa ya inganta dabarar domin gano jiragen ƙarƙashin ruwa. A 1935 Oscar Sund ya ga garken kifi da irin wannan na'ura a tekun Lofoten na ƙasar Norway. 'Yan uwa biyu na gidan Furuno a Nagasaki ta Japan suka fara sayar wa masuntan teku da ita a 1948, kana a 1959 kamfanin Lowrance na Amurka ya fito da wata 'yar koriyar akwati da masu ƙananan jirage za su iya ɗauka.

Karatun allo

Abu na farko da sabon shiga ke kuskurewa shi ne ma'anar gefen dama da na hagu. Daga sama zuwa ƙasa allon yana nuna zurfi, amma daga dama zuwa hagu lokaci yake nunawa. Abin da ke ƙarƙashin jirgi a yanzu yana bakin gefen dama, duk abin da ya gangara hagu kuwa an riga an wuce shi. Wanda ya ga kifi a tsakiyar allo ya jefa ƙugiya nan take, kifin yana can bayansa.

Na biyu, sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, siriri a sama, mai faɗi a ƙasa. Idan kusurwar bazuwar digiri 20 ce, faɗin da yake rufewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin. A zurfin mita 15 ana ganin da'ira mai faɗin kusan mita 5, a zurfin mita 3 kuwa mita 1 kacal. Ƙaramin kilohaz yakan ba da faɗi da nisa amma zanen ba ya fita tar, babban kilohaz kuma yana fitar da zane tar a ƙaramin wuri.

Na uku shi ne baka. A allo kifi yakan fito kamar jinjirin wata a kife. Ga dalili: na'urar nisa take aunawa daga kunnenta zuwa kifi. A ce kifi yana zurfin mita 12, kuma jirgi yana tunkarar sa da saura mita 5. Bisa ƙa'idar Pythagoras, nisansa daga kunnen na'ura mita 13 ne, don haka za a zana shi a mita 13. Da jirgi ya zo daidai kansa sai a zana shi a 12, da ya wuce kuma ya koma 13. Ɗigo-ɗigon nan idan suka haɗu su ne baka. Ƙololuwar bakan ita ta fi kusa da ainihin zurfin kifin.

Tsawon baka ba ya nuna tsawon kifi, daɗewarsa a cikin sautin yake nunawa. Ƙaramin kifi a ƙarƙashin jirgin da ke tafiya a hankali zai ba da dogon baka. Idan jirgi na tsaye kifi ma na tsaye, miƙaƙƙen layi za a gani. Layin da ke hawa sama kuwa kifi ne ya taso, watakila ƙugiya ya nufa. Abin lura wajen girma shi ne kaurin bakan da ƙarfin launinsa. Naman kifi nauyinsa kusa yake da na ruwa, don haka ba ya maido da sauti sosai. Jakar iskar da ke cikinsa, wadda yake daidaita shawaginsa da ita, ita ke maido da mafi yawan amsa-kuwwar. Babban kifi jakarsa babba ce, amsarsa ma mai ƙarfi ce.

Garken ƙananan kifaye yakan fito kamar gajimare ko curin auduga. Idan aka ga bakuna masu kauri a ƙarƙashinsa ko a gefensa, manya ne ke kiwo, kuma wannan ne hoton da masunci ya fi so. Ƙasan tafki ma yana magana. Dutse ko tsakuwa suna ba da layi mai kauri da haske, wani lokaci har da layi na biyu a ninkin zurfin, domin sautin ya bugi ƙasa ya koma saman ruwa ya sake dawowa. Laka kuwa tana shanye sauti, sai layinta ya fito a raunane.

Shamakin nan fa? Shi ma ana iya ganinsa. Idan aka ƙara ƙarfin jin na'urar, yakan fito kamar siririn hazo da ya ratsa allon a zurfi ɗaya, saboda canjin nauyin ruwa da ƙananan halittun da ke taruwa a wurin. Ƙwararren masunci da ya ga hazon a mita 14, bakuna a mita 11 zuwa 13, ƙasa da hazon kuma fayau, ya gama karatu. Zai ja abin yaudarar kifinsa a bayan jirgi da saurin da bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba, ya daidaita shi a ɗan sama da bakunan, domin wolai ya fi kai farmaki ga abin da ke samansa.

Abin da allo ke ɓoyewa

Na'urar tana da tsarin da ke zana ɗan hoton kifi a duk inda ta ji wani abu. Yana da ban sha'awa, amma ƙwararru sukan kashe shi, domin reshen bishiya da kumfar iska da ciyawa duk kifi yake kiransu. Adadin zafin da ke gefen allo ma na saman ruwa ne kawai, ba ya faɗin komai game da mita 15.

Allo fayau kuma ba ya nufin babu kifi. Wanda ke kusa da sama yakan kauce idan ya ji ƙarar inji, ga shi kuma faɗin sautin a wurin ƙanƙani ne. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Saboda haka masuntan Erie suke ɗaura zarensu a wasu ƙananan alluna masu shawagi, waɗanda ke janye zaren zuwa gefe nesa da jirgi. A kan gangare kuma, sautin yakan fara bugar wurin da ya fi tudu, sai layin ƙasa ya rufe kifin da ke kwance a ƙasan gangaren. Nan ne sanin tafki ke shigowa, wato inda iska ta kaɗa jiya da inda tsuntsaye ke shawagi a kan ƙananan kifaye. Da ɗan gari akan ci gari.

Kamu da hankali

Ganin kifi a zurfi yana tafe da nauyi a kan masunci. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara danniya daidai da ta iskar sararin sama gaba ɗaya. Bisa dokar Boyle, iskar da ke cikin jakar kifi za ta nemi ninka girmanta idan aka fizgo shi daga mita 10, ta ninka sau uku daga mita 20. Wolai ba ya iya fitar da iskar nan da sauri. Sai jakar ta kumbura, idanu su firfito, wani lokaci tumbinsa ya leƙo ta baki. Ko an mayar da shi ruwa yakan kasa nitsewa, ya mutu a sama. Shi ya sa hukumomin kula da kifi a can suke ba da shawarar cewa mai su a wuri mai zurfi ya riƙe abin da ya kama wanda doka ta yarda, ya tsaya idan ya cika adadinsa, maimakon ya yi ta kamawa yana saki.

Doka ma tana da tsauri. A Ohio duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi zai yi su, kuma ba a riƙe wolai da bai kai inci 15 ba, wato kusan santimita 38. Kowace shekara wakilan jihohi huɗun nan da Ontario suna zama su tsayar da adadin da za a kama a tafkin baki ɗaya. Masanan da ke ba su shawara suna amfani da manyan na'urorin amsa-kuwwa wajen ƙiyasta yawan ƙananan kifayen da manya ke ci. Dabarar da ke taimaka wa mai kamu ita ce kuma ke taimaka wa mai kiyayewa.

Tun daga 2018, da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, muhawara ta ƙara zafi. Irin wannan na'ura tana duba gaban jirgi, tana nuna motsin kifi kai tsaye kamar bidiyo. Wasu masunta na cewa ci gaba ne da ke jawo matasa cikin sana'ar, wasu kuma na ganin an bar kifi babu mafaka, musamman a ƙananan tafkuna inda yake taruwa wuri ɗaya lokacin zafi.

Darasin bai tsaya a Amurka ba

Ƙa'idar ruwa ɗaya ce a ko'ina. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, yana da zurfi a kusa da madatsar, kuma a watannin zafi ruwansa kan rabu hawa-hawa, na ƙasa ya yi ƙarancin oksijin. Tafkin Chadi kuwa ya fi kama da yammacin Erie, zurfinsa kaɗan ne, iska na juya shi. Masuntanmu da suka gaji sana'ar sun daɗe da sanin cewa kifi na sauya mazauni daga sanyi zuwa bazara, ko da ba su taɓa ganin allo ba. Ɗalibin da wannan fanni ya burge shi yana da inda zai dosa, domin a New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin tarayya mai koyar da fasahar kifi.

Kafin mako mai zuwa, ga aikin gida guda biyu ku gwada da abokanku. Na farko: na'ura ta harba sauti, amsa-kuwwa daga ƙasan tafki ta dawo bayan daƙiƙa 0.032. Idan gudun sauti mita 1,500 ne a daƙiƙa, mene ne zurfin wurin? Na biyu: kifi yana zurfin mita 8, yana kuma gefe da jirgi da nisan mita 6. Idan sautin ya same shi, a mita nawa allo zai zana shi? Ku kai amsoshinku wa malamin kimiyya ya duba, ku kuma tambaye shi dalilin da ya sa ake raba lissafin farko gida biyu.